Zagaye na biyu na maganin kansar bututun abinci

Tun watan azumi nake raka kawuna daga Aboabo zuwa asibitin koyarwa na Komfo Anokye a nan Kumasi, saboda kansar da ta kama bututun abincinsa, wadda ba a gano ta ba sai da haɗiye tuwo ya gagare shi. Da farko an yi masa ƙarin ruwan magungunan kansa, cisplatin da fluorouracil, ƙarin kansar ya ɗan lafa, daga baya hoto ya nuna cewa ya sake girma.

A nan ne likita ya kawo batun magani na biyu. Ya bayyana mana cewa akan koma ga paclitaxel ko docetaxel ko irinotecan, wani lokaci kuma a haɗa irinotecan da fluorouracil. Haɗin yakan fi rage ƙarin, amma yakan fi jigata jiki, domin yana kawo gudawa da raguwar fararen ƙwayoyin jini, paclitaxel kuma yana sa yatsu su yi sanyi kamar ba na mutum ba. Binciken COUGAR-02 na Birtaniya, wanda aka wallafa a 2014, ya nuna cewa docetaxel ya kai matsakaicin rayuwa wata 5.2 maimakon 3.6 na waɗanda aka ba kulawar sauƙaƙa ciwo kaɗai, kuma ya rage zafin ciwo. Ban raina wannan ba, domin na ga abin da mako guda na iya haɗiye koko yake nufi gare shi.

Da na tambaye shi, "Kawu, za ka iya jurewa?", sai ya ce a fara da magani guda tukuna. Na goyi bayansa, domin ya rame ƙwarai.