Bajamushen da ya mai da bola zane

Kwana biyun nan wani Bajamushe ne ya tsaya min a rai, Kurt Schwitters. Hoton wani aikinsa na gani a waya, na sa yatsa na buɗe shi sosai sai na ga ashe ba fenti ba ne kawai, tsohon tikitin mota ne da yagaggiyar jarida da guntun katako aka liƙa aka bi da fenti, babu fuskar mutum babu bishiya, launi ne da siffofi kawai amma wallahi sun zauna daram kamar da ma can tare aka yi su.

A Hanoba aka haife shi a 1887, ya yi karatun zane na gaske a Dresden, ya iya zana mutum sak. Bayan yaƙin duniya na ɗaya da Jamus ta tarwatse sai ya koma bin titi yana tsintar tarkace yana cika aljihu, a nan da baban bola za a kira shi. Sunan da ya ba aikin ma a shara ya tsinto shi: Merz, guntun kalma ce da ta rage a tallar bankin Commerz da ya yaga.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne gidansa. Wajen 1923 ya fara wani gini a cikin ɗaki da katako da farar ƙasa, Merzbau, abu ya yi ta girma yana cin ɗakuna har ya huda silin, ga 'yan koguna a jiki da yake ɓoye kayan abokai, har gashin kan wani abokinsa mai zane Hans Richter ya yanka ya ajiye a ciki. Matarsa Helma dai ta yi haƙuri gaskiya.

Sai 'yan Nazi suka zo. A 1937 suka baje ayyukansa a Munich cikin nunin da suka kira lalataccen zane don mutane su zo su yi dariya, shi kuwa tun farkon shekarar ya gudu Norway. Ya sake fara ginin a can, 1940 sojojin Hitila suka shigo, ya tsallaka Birtaniya, su kuma suka tsare shi a sansani a tsibirin Man saboda Bajamushe ne. A sansanin babu kayan aiki, sai ya rinƙa tara kunun safe mai kauri da aka ci aka rage yana mulmula mutum-mutumi da shi, abu ya yi funfuna yana wari duk gidan ya ɗauka.

Bam ya rushe ginin nasa na Hanoba a 1943, Helma ta rasu a 1944 bai sake ganinta ba. Ya ƙare a ƙauyen Ambleside na Ingila yana zana fuskokin mutanen gari don ya samu na abinci, ga ciwo, amma a 1947 ya sake kama gini na uku a wata rumfar dutse. Bango ɗaya kawai ya samu ya yi, ya rasu 8 ga Janairu 1948. Na Norway ɗin gobara ta cinye a 1951. Bangon rumfar dutsen kuwa a 1965 aka ciro shi sukutum aka ɗora a babbar mota zuwa jami'ar Newcastle, yana can har yanzu.