Ƙurar Hunturu a Idon Injin Faifai

Faifan DVD na bikin ƙanwata nake so in kwafe, don a cikinsa kaɗai muke da muryar mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta. Na danna maɓallin injin faifan tsohuwar kwamfutata ta kan tebur, sai ya yi ɗan gurnani, farantin ya ƙi fitowa.

Wannan bai ba ni wahala ba. A gaban injin akwai wani ɗan rami kamar kafar allura. Na kashe kwamfutar, na miƙar da ƙarfen maƙale takarda na zura, na tura a hankali, farantin ya leƙo. Ashe 'yar robar da ke jan sa ce ta yi santsi. Na wanke ta da sabulu, ta bushe, ta koma kamawa.

Bayan nan ne aikin ya cije. Faifan zai juya, ya tsaya, ya sake juyawa, sai Windows ta ce in saka faifai. Dare biyu na yi ina zargin manhaja. Na cire injin daga Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin kwamfuta, na sake kunna ta, na leƙa BIOS, manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows, na ga sunan injin ɓaro-ɓaro, na canza wayar SATA da ke haɗa shi da kwamfutar. Duk a banza. Har na fara shirin sake zuba Windows.

Sai na jarraba wani tsohon CD na karatun Alƙur'ani. Nan take ya buɗe.

Da wannan ya kamata in fara. Injin da ke karanta CD ya ƙi DVD, wayarsa lafiya take, wuta ma tana isa gare shi. Hasken leza iri biyu ne ke karanta faifai a cikinsa: na CD mai tsawon zango nanomita 780, na DVD kuwa ja ne, 650. Rubutun DVD ya fi ƙanƙanta da matsewa, shi ya sa yake ɗaukar gigabait 4.7, CD kuwa megabait 700. To, ɗan dushewar idon injin, wato ɗan madubin da hasken ke fitowa ta cikinsa, kan isa ta hana a karanta DVD.

Na zare wuta gaba ɗaya, domin hasken nan yana illa ga ido, na kwance murfin. Ga idon injin can, bai fi ƙwayar dawa ba, ya yi furu-furu da ƙurar hunturu. Na ɗiga sinadarin isopropyl, wani ruwan goge kayan lantarki, a tsinken auduga na shafa shi sama-sama. Hannuna har rawa yake, saboda a kan wasu siraran wayoyi idon yake reto, dannawa ɗaya za ta iya lanƙwasa su.

Da ya bushe na mayar, na saka faifan. Ya juya, bai tsaya ba. A daren na kwafe shi a filas biyu, na tura wa ƙanwata ta waya, sannan na zauna na saurari Inna tana sa wa amarya albarka.