Yadda bokitin laba ɗaya ya cinye min kasuwar da na yi wata huɗu ina ginawa a Minecraft

Har yanzu in na tuna abin nan sai in ji raina ya ɓaci wallahi, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi, ni na ɗauko labar, wato narkakken dutsen nan mai wuta, da hannuna na zuba.

Minecraft gem ne na gini da bulo, a waya nake bugawa, sigar da ake kira Bedrock, kuma survival ne ba creative da ake ba ka kaya kyauta ba, kowane bulo sai na nemo shi da gumina. Tun da aka kawo bulon laka a sigar gem ɗin ta 1.19 a 2022 na ce to lokaci ya yi da zan gina birni irin namu, ganuwa da ƙofofi da zaure da lunguna, ba gidajen turawa masu rufin kusurwa da kowa ke kwafa a YouTube ba. Na zaɓi savanna saboda ciyawar da bishiyoyin sun fi kama da gida. Ku riƙe wannan maganar savanna ɗin, za ta dawo.

Ganuwar ce ta fara koya min hankali. Ka zuba wa ƙasa kwalbar ruwa ta zama taɓo, ka haɗa taɓon da alkama, sannan huɗu su ba ka bulo huɗu, ma'ana kowane bulo ɗaya alkama ɗaya ce. Tawa zagayenta 400 ne tsayi 6, bulo 2,400 kenan, alkama 2,400. Na shigo a magini na koma manomi ƙarfi da yaji. Amma dai an gama, na yi ƙofofi huɗu, na yi masallaci, har karofi na yi da tukwanen ƙarfe na zuba ruwan shuɗi a ciki kamar na Ƙofar Mata, ƙanena da ya gani sai da ya ce Yaya wannan kam ka yi ƙoƙari, shi da ba ya yabon komai.

Sai kasuwa. Nan na zuba duk basirata, rumfa sittin da wani abu, ginshiƙai na katakon acacia, rufi na damin alkama don ya yi kama da jinka, kowane dami alkama tara fa, ga ulu kala-kala na rataya a layin 'yan atamfa. Na kwaso mutanen ƙauye a jirgin ruwa ɗaya bayan ɗaya na zuba su ciki, wanda ya taɓa jan ɗan ƙauye a kwalekwale a kan tudu ya san wahalar da nake nufi. A ƙarshen layi sai na ce bari in yi maƙera, kuma campfire, wato murhun itace, bai yi min kyau ba, ina son abu mai ja sosai mai haske da dare. Na haƙa rami na juye bokitin laba, na kewaye gefe da dutse, na bar saman a buɗe. A tunanina tunda ba ta taɓa katako ba ai shikenan.

Ashe laba ba sai ta taɓa abu ba, iskar da ke samanta take kunna wa wuta in dai akwai abin ci kusa, ni kuma na kafa mata rufin ciyawa a ka.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda abin ya faru. Alkama ba ta girma sai kana kusa da ita, to na saba in shige ɗaki a gem ɗin in rufe ƙofa, in jona wayar a caji in tafi harkata. Ranar haka na yi, na tafi sallar magariba na tsaya cin abinci. To zaman da ke sa alkama girma shi ne dai ke sa wuta tafiya, da na yi nisa da garin da komai ya tsaya cak. Kuma savanna ba a ruwan sama ko ɗigo, da a wani dajin ne ƙila ruwa ya sauko ya taimaka. Na dawo na buɗe ƙofa na ga fili. Fili fa. Rufi babu, ulu babu, 'yan guntayen katako suna ci a can ƙarshe, mutanen ƙauyen da na sha wuya a kansu saura uku suna yawo suna wannan gunjin nasu kamar ba abin da ya faru. Akwatuna ne kawai suka tsira don su ba sa ƙonewa, sai ganuwa tana tsaye ƙyam, laka ba ruwanta da wuta.

Na shiga jerin duniyoyin da na ajiye a gem ɗin da gudu ko akwai tsohon kwafi. Babu. Wata huɗu ban taɓa danna kwafe duniya ba ko sau ɗaya, abin da bai kai minti ɗaya ba. Kuma a saitin nan akwai wurin kashe yaɗuwar wuta, kullum ina wuce shi da ido. Duk tsorona a kan creeper yake, dodon nan da ke fashewa ya rusa gini, na bi lungu-lungu na jera fitilu saboda tun 1.18 dodanni sai a duhu ƙirin suke fitowa, ina ta gadin ƙofa ashe ɓarawon ni na shigo da shi a bokiti.

Kwana tara ban buɗe gem ɗin ba. Da na dawo, kafin in taɓa komai kwafi na fara yi, yanzu duk Juma'a sai na yi sabo in sa masa kwanan wata. In kai ma rufin dami ko ulu kake so, ka raba rumfunan layi-layi da katangar laka da fili mai faɗi a tsakani, ko ta kama ta tsaya a layi ɗaya. Maƙera kuma campfire ɗin da na raina shi na koma wa, ba ya kunna komai, in ka sa dami a ƙarƙashinsa ma hayaƙin ya fi tashi sama, ya ma fi labar kama da maƙera ta gaske, abin haushi.

Yaɗuwar wutar ban kashe ba har yau, ƙanena ya ce taurin kai ne, ni kuma gani nake in na kashe kamar na yi satar amsa. Layi biyu na sake ginawa zuwa yanzu. Ramin labar na toshe shi da gilashi na bar shi a wurin, shi kuma yaron nan ya je ya kafa allo a gefe ya rubuta Unguwar Toka, na cire sau biyu yana mayarwa.