Baƙin ruwan da ke bin maganaɗisu

Muna yara a Yamai, mukan ciro maganaɗisun tsohuwar lasifika mu ja shi cikin yashi, baƙin gari ya manne masa tsaye-tsaye kamar gashin bushiya. Ban taɓa zaton zan shafe wata huɗu ina fama da dangin wannan garin a ɗakin gwaji ba. Sunansa magnetit, wato baƙar tsatsar ƙarfe, Fe3O4. Sai dai nawa ƙwayoyin ana son su tsaya wajen nanomita 10. A raba milimita ɗaya gida dubu ɗari, kashi guda ke nan.

Hanyar da na bi ita ce wadda René Massart, masanin sinadarai na Faransa, ya bayyana a 1981. Gishirin ƙarfe iri biyu, Fe3+ kashi 2, Fe2+ kashi 1, a narkar da su a ruwa, a zuba amoniya ana motsawa. A takarda, ko dama koko ya fi shi wuya.

Karon farko abin ya fito ruwan ƙasa, maganaɗisu na jan sa da ƙyar. Na sake har sau uku, duk kanwar ja ce. Malam ya zo, bai ko kalli aikin ba, kwalbar gishirin Fe2+ ɗin ya ɗaga. Ya ce, "Ɗiyata, wannan ai kore ya kamata ya kasance. Ba ki ga ya koma rawaya ba?" Iska ta daɗe da cinye shi, Fe2+ ɗin ya zama Fe3+, lissafina na 2 da 1 ya rushe tun kafin in kunna wuta. Muka samo sabo. Da yake ba mu da tukunyar nitirojin, sai na riƙa tafasa ruwan don ya saki iskar da ke cikinsa, in rufe shi ruf har ya huce. Da amoniya ta taɓa shi, ya yi baƙi wuluk.

Murnata kwana ɗaya ta yi. Da safe duk ya kwanta a gindin kwalba kamar ƙullu. A nan ne ainihin aikin yake, don tsirarun ƙwayoyin nan rungumar juna suke yi su dunƙule, kuma tunda don allura a asibiti ake son su, dunƙulallen abu ba wanda zai yarda ya shiga jijiyarsa. Dole a yi musu riga, wato a lulluɓe su da abin da zai hana su mannewa. Na yi amfani da sinadarin tsamin lemo, sitirik, ruwan yana da zafi, na wanke sau da yawa ina riƙe garin da maganaɗisu. Ƙanƙantar ma ba ado ba ce: a wannan girman, da zarar an janye maganaɗisu ƙwayoyin sun saki, ba sa ci gaba da jan juna.

Wannan halin ne ya kai su asibiti. A na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta IRM, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira MRI, lafiyayyar hanta tana haɗiye ƙwayoyin sai ta yi duhu a hoto, ƙarin daji kuwa ba ya haɗiya sosai, sai ya fito fili. Amurka ta amince da Feridex, wani ruwan allura mai irin waɗannan ƙwayoyin, don wannan aikin a 1996, rigarsa kuwa dekstiran ce, wani dangin sukari.

Maganar zafi ta fi burge ni. In an sa ƙwayoyin cikin filin maganaɗisu mai juyawa sau 100,000 a daƙiƙa, sukan ɗumama abin da ke kewaye da su zuwa digiri 42 ko 45. Wani zai ce ai zafin Afrilun Yamai ne. To, gumi yana tsare cikin jikinmu a 37, shi kuwa ƙarin daji daga ciki ake gasa shi, ya raunana, hasken da ake ƙona daji da shi ya fi kama shi. Wani likita mai suna Gilchrist ya gwada a kan karnuka tun 1957. A Berlin, aikin wani mai bincike, Andreas Jordan, ya kai ga NanoTherm, ruwa mai irin waɗannan ƙwayoyin, wanda Turai ta amince da shi a 2010 don dajin ƙwaƙwalwa, aka riƙa allurarsa kai tsaye cikin ƙarin.

Mu ba mu da na'urar da ke juya filin maganaɗisun, kuma ko ɓera ban yi wa allura ba. Gwaggona ta tambaye ni ko na gano maganin daji. Na ce, "A'a Gwaggo, ruwa dai na koya wa bin ƙarfe." Kwalbar na nan kan kanta, mako na shida ke nan bai kwanta ba.