Haƙorin da Na Kai Asibiti Cikin Madara

Ranar wata Asabar da yamma babur ya kayar da ni, bakina ya daki kwalta. Da na tashi na tofar da jini, sai na ji harshena ya faɗa giɓi. Haƙorin gaba ɗaya na sama ya fita har da saiwarsa, na kusa da shi kuma ya karye biyu.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce, ita na fara kira. Ko sannu ba ta tsaya yi min ba. "Ka nemo haƙorin maza," in ji ta. "Ka riƙe shi ta kai, kar ka taɓa saiwar, kar ka goge shi da tsumma. Ka tsoma shi a madara ka wuce asibiti." Wani yaro ne ya tsinto min shi a bakin kwata. Na sayi madarar ruwa a shagon gefen hanya na jefa shi ciki. Guntun ɗayan kuwa ban ko neme shi ba, na ɗauka ba shi da amfani.

Kafin awa ɗaya ta cika ina kan kujerar likitan haƙori. Ya ce a jikin saiwa akwai ƙwayoyin halitta masu rai da ke manne haƙori da ƙashi, in suka bushe sai su mutu, shi ya sa madarar ta yi rana. Bayan allurar kashe zafi ya mayar da haƙorin gurbinsa, ya ɗaure shi da maƙwabtansa da siririyar waya ta mako 2. Aka yi min allurar tetanus. Daga baya aka cire jijiyar cikinsa aka cike.

Wanda ya karye an gina shi da ciko mai launin haƙori, ana haska masa shuɗiyar fitila yana sandarewa. A nan likitan ya tambaye ni guntun. Ashe da na kawo shi a jiƙe, da an manna shi kawai. Har yau abin yana min ciwo.

Abokai sun yi ta tsokana, wai da na bari an sa min haƙorin Makka na zama Alhaji ba tare da shiga jirgi ba. Na dai daina fasa rake da haƙoran gaba, goro ma na rage saboda yana rina cikon. Ina komawa a ɗauki hoton saiwar lokaci-lokaci, don likita ya ce irin wannan haƙorin yana iya lalacewa ta ciki ko bayan shekaru.