Abin da Tantance Takardun Masu Neman Aiki Ya Koya Mini

A ƙungiyar da nake aiki, ina cikin waɗanda ake ɗora wa tantance CV, wato takardar da mai neman aiki ke bayyana karatunsa da ƙwarewarsa, idan an tallata gurbi. Takardun kan zo tuli guda, masu dubawa kuwa ba mu da yawa, don haka shafin farko ne ke yanke wa mutum hukunci. Abin da ke damuna shi ne yawancinsu iri ɗaya ne, domin a shagon buga takardu aka yi su, aka goge sunan wani aka sa na wani. Rabin shafin ya tafi a ranar haihuwa, addini, ƙabila, aure ko rashinsa. Jiha da ƙaramar hukuma suna da amfani a aikin gwamnatin tarayya saboda ƙa'idar raba daidai, amma layi ɗaya ya ishe su. Daga nan sai jerin kirari: mai ƙwazo, mai gaskiya, mai iya zama da jama'a. Ban taɓa ganin wanda ya rubuta cewa shi malalaci ne ba, saboda haka waɗannan kalmomi ba sa bambanta kowa da kowa.

Babban abin da na fahimta ya shafi tarbiyyarmu. An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai matasanmu sun ɗauki faɗin aikin da suka yi a matsayin yabon kai, sai su ɓoye shi. Wani saurayi ya nemi aikin kula da sito a wurinmu, takardarsa ba ta nuna ya taɓa aikin komai ba sai digiri da bautar ƙasa. Ya samu shiga ganawa ne kawai don masu neman gurbin ba su da yawa. Da muka zauna da shi, ashe tun yana sakandare shi ke riƙe da littafin shagon kawunsa a Kantin Kwari. Shi ke ƙirga dilolin atamfa idan sun iso, shi ke rubuta bashin 'yan sari, shi ke bin su ranar biya. Na ce, "Malam, me ya hana ka rubuta wannan?" Ya ce ai taimakon gida ne, ba aiki ba ne. Alhali abin da muke nema ke nan, kuma shi aka ɗauka.

Irinsa suna da yawa. Akwai wadda ta yi shekaru tana koyarwa a Islamiyya, ta iya riƙe aji mai yara sittin, amma ba ta ambata ba. Akwai mai rumfar POS da ke daidaita lissafin kuɗi kullum da yamma, da wadda ta bi gida-gida tana cike takardar ƙidayar yara a aikin rigakafin shan inna, da waɗanda suka koyar a firamare ƙarƙashin N-Power, shirin gwamnatin tarayya na sama wa matasa aiki da aka fara a 2016. Watannin SIWES, wato koyon aikin da ɗaliban manyan makarantu ke fita yi, ma ƙwarewa ce. Duk waɗannan shaida ce, kuma mai dubawa ba boka ba ne da zai san abin da ba a rubuta ba.

Yadda ake rubutawa ba wuya. A faɗi wurin, da shekarun, da abin da aka yi da hannu, a fara da na baya-bayan nan. "Bautar ƙasa, 2022" bai gaya mini komai ba. "Na koyar da lissafi a aji uku na ƙaramar sakandare, na shirya ɗalibai jarrabawar kammalawa" ya nuna mini mutum. Idan akwai adadi a sa shi, amma na gaskiya, domin a ganawa a kansa za a tsare ka da tambaya.

A kuma karanta tallar aikin da kyau, a gyara takardar ta dace da ita. Wasu manyan kamfanoni da manhaja suke fara tacewa, tana neman kalmomin da ke cikin tallar. A tura ta a PDF, da sunanka a jikin fayil ɗin, ban da hoton takarda da aka ɗauka da waya. Shafi biyu sun wadatar.

Sai masu tsaya maka, wato waɗanda za a kira su ba da shaida a kanka. Mutane na son sa sunan farfesa ko wani babban ɗan siyasa, mu kira, ya ce bai gane wanda ake nufi ba. Shugaban makarantar da ka yi bautar ƙasa, ko maigidan da ka riƙe wa shago, ya fi amfani, domin zai iya cewa ƙarfe nawa kake zuwa aiki da yadda kake da amanar kuɗi. Ka nemi izininsa kafin ka sa sunansa, ka gaya masa irin aikin da ka nema, ka kuma tabbatar lambar da ka rubuta tana shiga.