Abin da na kwaso daga aikin dutsen tunawa da sojoji a wani coci a Ingila

Na kammala horon da makaranta ta tura ni a wani cocin ƙauye a Ingila, kuma wallahi har yanzu raina bai huce ba kan shugabar kwamitin da ke kula da aikin.

Aikina shi ne bin sunayen da ke jikin dutsen harabar cocin, 'yan ƙauyen da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, in gano wane ne wane don a haɗa ɗan littafi. Tun 1915 Birtaniya ta hana dawo da gawar soja gida, inda mutum ya faɗi can ake binne shi ko Faransa ko Beljiyam, shi ya sa ƙauyuka suka yi karo-karo aka sassaƙa sunayen 'ya'yansu, ko ba komai uwa ta samu inda za ta tsaya ta yi kukanta.

A rajistar jana'iza ta cocin na ci karo da wani saurayi da ya dawo da huhu a lalace saboda iskar guba, ya rasu bayan an tsagaita wuta, kabarinsa na nan bayan cocin gansakuka ta cinye rabin rubutun sai da na sa ruwa da burushi mai laushi kafin ya karantu, amma babu sunansa a dutsen. Na haɗa takardu tsaf don a ƙara sunansa, na nuna cewa hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth tana lissafa irinsa har zuwa 31 ga Agusta 1921. Matar nan ko buɗe fayil ɗin ba ta yi ba. Wai ba a taɓa dutse sai da izinin dayosis, wato ofishin bishop mai kula da coci-cocin yankin, to ai izini nemansa ake yi. Sannan wai ni baƙo ne ban san tarihinsu ba. Wannan ta fi yi min ciwo, don a yaƙin nan dai Hausawa sun mutu a Kamaru da Gabashin Afirka suna yaƙi domin sarkin Ingila, da yawa ko sunansu ba a rubuta ba.

Ana nan sai ga ta a taron kwamiti tana karanta bincikena kalma da kalma a matsayin nata, ina zaune a baya ana ta yaba mata, ko kallona ba ta yi ba. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Wanda za a tura irin wurin nan, duk abin da ka gano tura shi ta imel ka sa malaminka a ciki. Kar ka yarda da dutse ɗari bisa ɗari, masu sassaƙa ma suna kuskuren suna. Kar ka kusanci dutsen da burushin ƙarfe ko bilic. Ka zauna shan shayi da tsofaffi bayan ibada, sun fi fayil sani.

Na ji an kai takardar neman izinin ƙara sunan, da sa hannunta. Imel ɗina na farko yana nan da kwanan watansa, kwafi ɗaya na hannun malamina.